Ranar da Kallamu Ya Sa Lamba Biyar

Ko da zan dafa izu sittin a gabanku, na san ba za ku yarda da labarin nan ba. Ni kaina da aka yi abin a kan idona, wani lokaci sai in ga kamar ƙarya nake shirga wa kaina. Amma dai ku saurara.

A shekarar da ƙasa ta rikice, bayan an yi ta'asa a Arewa mutanen Gabas suka riƙa kwararowa gida, wasu da rauni, wasu ba 'yan'uwansu, sai aka yi shela a rediyo cewa duk baƙon da ke Gabas ya tattara ya koma garinsu. Mu Hausawan Anacha hankalinmu ya tashi. Aka ce ranar Talata da ƙarfe goma sha biyu 'yan sanda za su raka ayarin motoci su ƙetare gadar kogin Kwara zuwa Asaba. Motar da ta bi ayari ta tsira. Wadda ta makara, sai ta yi ta kanta.

A wani gidan haya bayan babbar kasuwa akwai Alhaji Indabawa, falken goro, da iyalinsa da 'yan dakonsa. Ya yi shatar babbar mota guda don kowa da kowa. Gaban motar wurin mutum biyu ne ban da direba: Alhaji, da wanda zai riƙa magana da 'yan sanda a shinge. Sauran jama'a a baya, cikin rana da kaya, har Kano. Wannan kujera ta gaba ita ce ta hana Kallamu sukuni.

Kallamu ɗan dako ne. Aji uku ya yi a elemantare aka kore shi, don ya barbaɗa wa kujerar hedimasta ƙaiƙayi, amma shi yakan ce ilmin makarantar ne ya ƙare shi ya sa ya fito. Ya yi leburanci shekara biyu a bakin jirgin ruwa a Fatakwal ƙarƙashin wani Bature, daga nan ya dawo da kalmomin Turanci biyar da kafaɗa mai faɗin ta mutum goma.

Ranar Litinin da hantsi ya sami Alhaji a tsakar gida, ya durƙusa.

"Alhaji, ka san abin da ya sa Bature ya ci ƙasar nan? Ba bindiga ba ce. Kalmomin sauri ne. Mu me gare mu? Maza-maza. In ka ce wa Bahaushe maza-maza, sai ya tsaya ya tambaye ka ina kwana, ina gajiya, yaya mai jiki."

Gimba, tsohon da ke shugabancin 'yan dakon Alhaji, yana gefe yana murza igiya. Bai ɗago ba ya ce, "Hanzari fa? Gaggawa fa? Sassarfa fa?"

"Duk waɗannan kalmomin zaune ne, Baba Gimba. Na Bature lamba-lamba ne, kamar yadda direba ke canja wa mota gudu." Ya fara lanƙwasa yatsu. "Lamba ɗaya, kwik, ka ɗaga ƙafa. Lamba biyu, hori-of, an soke gaisuwa. Lamba uku, fas, ba waiwaye. Lamba huɗu, dabul-of, ƙafa ɗaya kada ta jira ɗaya. Lamba biyar kuwa," ya rage murya, "rosh. A rosh ba tambaya, ba tunani. Abin da ke gabanka, ɗauki kawai."

Daga madafa Haulatu matar Kallamu ta ɗaga murya. "Malam, ka gaya wa Alhaji yadda ka same su mana. Ai kullum a bayan buhu Baturen ke tarar da kai kana barci, shi ya sa ya ƙarar da su duka a kanka."

"Ke, hutun ƙwararru ne, ba barci ba."

"Ta shida fa? Wadda ya gaya maka ranar da ya nuna maka ƙofa?"

"Wannan ba ta cikin lissafi."

Alhaji bai yi dariya ba, don hankalinsa na kan gada. Ya ce, "In za su kai mu gada kafin sha biyu, gwada mu gani."

Kafin in ci gaba, sai kun san masu gidan. Mai gidan hayar wata bazawara ce 'yar Ibo, Mama Nwakaego, wadda ta yi shekara goma sha biyar tana tireda a Jos, Hausarta ta fi ta Kallamu kaifi. Ɗanta Obiora makanike ne a can Jos ɗin, tun da aka fara rikici ba a ji ɗuriyarsa ba. Kullum da safe sai ta tafi tasha ta tsaya tana duba fuskokin masu saukowa daga motocin Arewa, kafin azahar ta dawo ita kaɗai. Duk da haka ba ta taɓa ɗaure wa ɗan hayarta fuska ba. Sai surukinta, Papa Okwudili, wanda ya shekara talatin yana haƙar kwal a Inugu har nakiya ta kashe masa kunne. Aikinsa yanzu barci. Da hantsi ya yi, sai ya miƙe a ɗan gadonsa na gora, ya lulluɓa da zane tun daga ƙafa har kai saboda ƙuda.

Bayan la'asar Kallamu ya jera 'yan dako shida a ƙofar gida don atisaye, kowa da gammo da dutse a ka. Ya hau kan turmi.

"Kwik!" Suka taka. "Hori-of!" Suka ƙara. "Fas!" Hular wani ta faɗi, ba wanda ya waiwaya. Kallamu ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga tafin ƙafa, irin wanda bai taɓa ji ba tun ranar ƙaiƙayi. Ya cika huhu ya kwarara, "Rooosh!"

To, ku tuna wane lokaci ake ciki. Unguwa tana zaune a kan ƙaya, sai ga ƙarti shida sun ɓullo a guje da duwatsu a ka, wani na ihu a bayansu. Hausawan layin suka ce an zo, suka yi gabas. Ibon layin suka ce Hausawa sun taso, suka yi yamma. Mai ƙosai ta bar kasko a wuta. Wanzami ya gudu da aska, wanda ake yi wa askin ya bi shi da rabin kai. Ladan ya haura katangar masallacin da ya shekara yana cewa gwiwarsa ba ta iya hawa matakalarsa. Cikin minti biyu layin ya zama ba kowa sai kaji.

Mama Nwakaego ta fito da taɓarya. "Kallamu! Uban wa kake yi wa ihu a ƙofar gidana? Sauka mini daga turmi!"

Gimba ya ce, "Alhaji, ka gani ko?"

Kallamu ya yi tsalle ya sauko. "Ya gani mana! Alhaji, kalma ɗaya tak ta kwashe unguwa guda. Ina ga kayan gida ɗaya?"

Alhaji ya dubi layin da ya yi fayau, ya shafa gemu. Wallahi sai ga shi yana gyaɗa kai.

Shi lodi a wurin Gimba yana da ƙa'ida, shekara ashirin da takwas bai taɓa karya ta ba. Yakan tsaya a bakin mota, duk kayan da aka kawo ya dafa shi ya tambaya, "Na wa ne?" Sai mai shi ya amsa. "Me ke ciki?" Sai an faɗa, sannan ya nuna inda za a sa: mai nauyi a ƙasa, mai fashewa a sama, huhun goro inda iska ke ratsawa. Kayan da ba a amsa ba, ba ya hawa mota ko na Alhaji ne.

Ranar Talata motar da aka ce za ta zo da asuba ba ta iso ba sai ƙarfe goma. Alhaji ya sha zagaya tsakar gida har ya yi wa ƙasa hanya. Mama ta riga ta tafi tasha. Da yake huhunan goro sun cinye barandar da Papa ya saba kwanciya, kafin ta fita ta jawo masa gadonsa gindin mangwaro, daf da inda aka tara kaya. Gimba ya gyara tsayuwa a bakin mota, ya dafa akwatin farko.

"Na wa ne?"

"Alhaji," in ji Kallamu, "a haka sai Biyafaran da ake ta raɗe-raɗi ta zo ta same mu muna na wa ne."

Alhaji ya dubi agogo. Ya zaro makullin rumfarsa ya miƙa wa Gimba. "Kai wa maƙwabcina na kasuwa amana. Kallamu, kama lodin."

Kallamu ya sa aka fara ɗora mata da yara can ƙuryar mota, ya hau kan taya ya tsallake lamba ɗaya da biyu gaba ɗaya. "Fas!" Kaya suka fara tashi sama. "Dabul-of!" Wani ya zo da katifa da tabarmi uku, ya rasa inda zai sauke, ya jibga su kan gadon da ke gindin mangwaro ya koma. Kwanukan amaryar Alhaji suka shiga ƙasa, dutsen niƙa ya hau kansu, aka ji wata ƙara ƙarƙashin buhu.

Haulatu ta leƙo. "Malam, mene ne ya fashe?"

"Sauri ne ke ƙara. Rosh!"

Da jin lamba biyar, tsakar gida ta koma kamar an sa tsintsiya. Turmi ya hau. Kwandon garin rogo ya hau. Igiyar shanya ta hau da zannuwan da ke kanta. Tukunyar miya ta hau da miyarta. Wata akuya da ta tsaya kallo, ita ma ta hau. Ya'u da Hammadu, wasu sababbin zuwa daga ƙauye, suka cicciɓi gadon gora da katifar da ke kansa.

"Kallamu," in ji Ya'u, "gadon nan fa da nauyi."

"Rosh!"

"Wallahi kamar minshari yake."

"Ya'u, a lamba biyar ake tambaya?"

Aka tura gado, aka ja tamfol. Minti goma sha bakwai cif. Gimba ya dawo yana haki, ya ga tsakar gida kamar an lashe.

"An tambayi masu kaya?"

"Baba Gimba, hau baya. Zamani ya wuce ka a lamba huɗu."

Kallamu ya shige gaba ya harɗe, ya fito da gwiwar hannu ta taga. Kada ku tambaye ni yadda na san laushin kujerar nan. Na dai sani.

A bakin gada motoci sun yi layi. 'Yan sanda na bi ɗaya-ɗaya suna dubawa, a gefen titi kuma ga samari tsaitsaye, wasu da sanduna, ba mai murmushi. Yawancinsu akwai wanda suka rasa a Arewa. Wani kofur ya zo tagar Kallamu ya zuba masa Turanci mai tsawo, irin wanda ba kwik ba fas a cikinsa. Alhaji ya zunguri Kallamu.

"Me ya ce?"

Kallamu ya lalube kansa lungu-lungu, ya tarar kalmomi biyar ɗin nan ne dai ke zaune suna kallon sa. Ya ga lamba biyar ta yi wa hukuma tsauri, lamba ɗaya kuma ta yi sanyi. Ya zaɓi tsaka-tsaki, ya tafa hannu biyu.

"Kofur, hori-of!"

Kofur ya dube shi. Ya cire hularsa ya share gumi, ya mayar, a hankali kamar mai naɗin ango. Sannan ya nuna bayan mota da kulki. Wannan kam ba ya bukatar tafinta.

Aka yaye tamfol. Akuya ta yi kuka. Kofur ya zunguri katifa da kulki, katifa ta motsa. Ta zame gefe, zane ya yaye, sai ga Papa Okwudili ya tashi zaune, furfura a hargitse, murfin tukunya a cinya.

Tsohon Ibo a ƙarƙashin kaya, cikin motar Hausawa, a bakin gada, a irin wannan rana. Wani saurayi ya yi magana da ƙarfi, sauran suka fara matsowa. Kofur ya sa usur a baki. Alhaji ya shiga salati. Kallamu ya zame ƙasa a kujera har hularsa kaɗai ake gani.

Gimba ne ya taka kan buhuna ya je gaban tsohon. Ya durƙusa, ya kai baki kunnensa, ya kwarara masa gaisuwa da harshen Ibo, wanda ya koya a kasuwa tun Kallamu na rarrafe. Ya tambayi kwanansa, ya tambayi ƙafarsa, ya tambayi tarinsa, bai tsallake ko ɗaya ba. Papa ya amsa duka. Sannan ya waiga ya ga ƙarafan gada sun tokare sama, ga ruwa shimfiɗe har ƙarshen gani. Ya washe dasashi, ya yi magana da irin muryar kurame da ake ji a ƙetaren kogi.

"Wannan ce gadar? Wata goma ina roƙo a kawo ni in gani, kowa ya ce ba shi da lokaci! Wane ɗan albarka ne ya kawo ni?"

Wani cikin samarin ya yi dariya, ya haɗiye ta. Ba su ja da baya ba tukuna.

Sai ga keken haya ya taho a sukwane, Mama Nwakaego a baya, taɓarya a kafaɗa, don taɓaryar kaɗai ta tarar a gidan. Ta diro. Kofur ya tambaye ta ko ta san mutanen nan. Ta dubi surukinta, ta dubi akuyarta, ta dubi mata da yaran da suka ƙanƙame juna a ƙuryar mota. Yau ma daga tasha take, yau ma ita kaɗai ta dawo. Kalma ɗaya za ta faɗa a gama da mu.

Ta yi magana da Ibo don jama'a, sannan ta maimaita da Hausa don wanda abin ya shafa ya ji da kyau.

"Shekara goma sha ɗaya suna gidana, ko cokali bai taɓa ɓata ba. Babu ɓarawo a motar nan. Wawa ne dai guda ɗaya, ga hularsa can a gaba."

Kofur ya buɗe ƙofa, Kallamu ya gangaro.

Gimba ya koma bakin mota, wurinsa na shekara ashirin da takwas. Ya dafa turmi. "Na wa ne?"

"Nawa ne," in ji Mama.

Garin rogo, nata. Igiya da zannuwa, nata. Tukunya, tata, miyar kuwa ta riga ta zama ta huhun goron Alhaji. Akuya, tata. Ba gudu ba ihu, amma kafin ka farga kayanta sun taru gefe guda. Daga ƙarshe ya dafa kafaɗar Papa, fuska ba alamar wasa.

"Wannan fa, na wa ne?"

Nan samarin suka fashe. Har kofur sai da ya juya baya kafaɗarsa na rawa.

Mama ba ta yi dariya ba. Ta ce kaya mai kura zai kai mata. "Amma tsoho ba kaya ba ne. Wanda ya ɗauko shi, shi zai mai da shi, a bayansa, har gindin mangwaro."

Kofur ya nuna wa Kallamu agogonsa. Sha ɗaya da kwata. Gimba ya fassara: sha biyu ayari zai tashi, da shi ko ba shi. Gida kuwa mil guda ne da 'yan kai.

"Alhaji," in ji Kallamu, "ko Ya'u zai…"

"A lamba biyar ake tambaya?" in ji Ya'u.

Aka ɗora masa Papa. Ashe tsohon nan ƙashi ne zalla, kuma ƙashin mahaƙin kwal. Ashe kuma shekara talatin ɗin nan da ya yi a rami, shi ma Turawa ne ke tsaye a kansa. Da ya ji shi a bayan mutum, sai tsohon aiki ya motsa. Ya ɗaga sandarsa ya tsula wa Kallamu a cinya.

"Muf! Luk-shaf! Galof!"

Kallamu bai taɓa jin ko ɗaya ba. Ashe akwai lamba shida da bakwai da takwas, a ƙarƙashin ƙasa Bature ya ɓoye su. Ya zura da gudu. Daga bayan mota muryar Haulatu ta biyo shi, "Malam, dabul-of!" 'Yan dako suka amshe. Samarin da ɗazu ke riƙe da sanduna suka amshe. Titi guda, Hausa da Ibo, ranar da ba abin da ya haɗa bakinsu, suka haɗu a kan mutum ɗaya: "Rosh! Rosh!"

Abin haushi, tsohon da ke dukan sa ya yi sauri shi ne kuma ke ja masa kunne ya tsaya. Ya tsaya ya gaisa da mai bammi. Ya tsaya ya ba wani tsohon abokinsa labarin gada, da tsawonta da faɗinta. Ya tsaya ya shaƙi asara, garin tabar nan na hanci, ya yi atishawa uku a ƙeyar Kallamu. Da an gama, sai sanda: "Galof!"

Kallamu ya dire shi a gindin mangwaro. Ya juya zai zura, Mama da ta riga shi isowa a keke ta riƙe masa hannun riga. Ya runtse ido yana jiran taɓarya.

"Ta Jos za ku bi?"

"Wataƙila, Mama."

"In ka ga Obiora, gajere ne, da tabo a nan." Ta taɓa haɓarta. "Ka gaya masa duka kalmomin saurin nan naka biyar. Ka ce uwarsa na tasha."

Kallamu ya gyaɗa kai. Ta sake shi. "Tafi, wawa. Za su bar ka."

Gudun da ya yi na komawa ba shi da lamba, Bature bai ƙirƙiro masa suna ba tukuna. Takalmi ɗaya ya tsaya a Anacha, har yau yana can. Ya iso motocin gaba sun riga sun hau gada, tamu ce ta ƙarshe, don Gimba ya ce shi ba ya tafiya da igiyar da bai ɗaure da hannunsa ba, ya bi ƙulli-ƙulli yana kwancewa yana sakewa, kofur na busa usur, shi ko a jikinsa. Mota ta fara mirginawa. Ya'u da Hammadu suka kamo Kallamu ta wuyan riga da ƙugun wando suka jefa kan buhu.

Gimba ya leƙo daga tagar gaba, gwiwar hannu a waje, ya nuna shi da baki.

"Wannan kayan na wa ne?"

Haulatu ta ɗauki lokaci tana gyara ɗaurin kallabi, sai da muka kai tsakiyar gada.

"Nawa ne," ta ce.

"Me ke ciki?"

"Ba komai, Baba. Iska ce."

"To, a sa shi a sama, inda ba abin da zai danne."

A can saman kaya ya yi tafiyar, rana a ka, miyar Mama a gindin wando. Har yau in hadari ya haɗu, shatar sandar Papa sai ta riƙa yi mini zugi a cinya. A cinyar Kallamu nake nufi.